Tun da hunturu ya kama na rasa walwala

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Glasgow ta Birtaniya da maigidana. Tun watan Nuwamba komai ya fita raina: barci ba ya isata, ba na marmarin komai sai burodi da kayan zaƙi, ga kuka ba dalili. Bara ma haka na yi, sai da bazara ta shigo na warware. Maigida ya ce kewar gida ce kawai. Yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam 'yata. Kewar gida ba ta bin kalanda. Damuwar da ke zuwa da hunturu ta tafi da bazara, likitocin can suna kiranta SAD, kuma ana danganta ta da ƙarancin hasken rana. A Disamba rana ba ta fitowa a Glasgow sai wajen 8:45, kafin ƙarfe 4 ta faɗi. Idan ido bai sha haske da safe ba, jiki kan ci gaba da fitar da melatonin, sinadarin barci, sai ki wuni kamar wadda aka tasa tsakar dare.

Saboda haka da safe ake yaƙin. Ki daina komawa barci bayan asuba, nan ne yawanci abin ke lalacewa. Ki nemi fitilar SAD mai ƙarfin haske lux 10,000, ki ajiye ta a gefenki, nisan tsawon hannu, ki zauna minti 30 kina karyawa ko azkar. Kada ki ƙura mata ido, kada kuma ki kunna ta da dare, za ta hana ki barci. Wasu kwana uku suke gwadawa su ce ba ta aiki, alhali sai mako ɗaya zuwa biyu ake ganin canji. Mai ciwon ido ko lalurar bipolar, mai sa mutum sauyawa tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa, sai likita ya amince tukuna.

Da azahar ki fita tattaki na minti 20, ko da hadari ya rufe gari, don hasken waje ya fi na ɗaki nesa ba kusa ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, na ba masu duhun fata da masu lulluɓi shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 kullum, duk shekara, amma ba shi zai warkar da damuwar ba.

Tunda karo na biyu ke nan, ki je wurin GP, wato likitan unguwarku, a duba jininki, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wani sashe a maƙogwaro, kan zo da irin wannan kasalar. Akwai maganin sha, akwai zaman tattaunawa na CBT. Ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki kira layin lafiya na 111 nan take, in abin ya yi tsanani lambar gaggawa ta 999.