Ku Tambayi Masana: Tafiya Kai Kaɗai a Jirgin Ruwa Daga Badagry Zuwa Epe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Zariya, kuma na iya tuƙa kwalekwale tun ina yaro a kogin Galma. Ina da niyyar in je Legas in yi hayar ƙaramin jirgi mai inji, in bi ruwan gaɓar teku ni kaɗai daga Badagry zuwa Epe. Me ya kamata in tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, iyawarka a Galma za ta taimake ka, amma ruwan can halinsa daban ne. Yana haɗe da teku, saboda haka yana cikowa yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kowanne kamar awa 6. Inda ka ɗaure jirgi da safe yana kan ruwa, kana iya dawowa da azahar ka tarar da shi zaune cikin laka. Ka riƙa sakar wa igiyar ɗauri tsawo, kuma ka tambayi masunta lokacin cikowar ruwa kafin ka tashi, domin tafiya gaba da ruwa tana shan mai sosai.

Ƙananan injinan da aka fi samu a can irin waɗanda ake gauraya musu fetur da man 2T ne. Yawanci kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na mai, wato mililita 400 a jarkar lita 20, amma ka tabbatar da awon daga mai jirgin. In man ya yi kaɗan inji zai yi zafi ya ƙone, in ya yi yawa fulogi zai yi baƙi ya ƙi tashi. Inji mai ƙarfin doki 15 yakan sha kusan lita 7 a awa idan aka buɗe masa wuta gaba ɗaya. Ka kasa fetur ɗinka kashi uku: na zuwa, na dawowa, da na ajiya wanda ba a taɓawa sai dole.

Da zarar ka tayar da inji, dubi bayansa. Akwai siririn ruwa da yake tsartowa, shi ne shaidar cewa ruwan sanyaya inji yana zagayawa. In ya tsaya, kashe inji nan take. Galibi leda ce ko ganyen kainuwa ya toshe kafar da ruwa ke shiga ta ƙasa, kuma su ne dai suke naɗe farfela. Ka ɗaga injin, ka sa hannu ka cire, amma sai ya mutu tukuna. Kainuwar takan yi yawa daga ƙarshen damina, har ta rufe hanya a wajen Ikorodu.

Wanda ke shi kaɗai ba shi da mai juyo masa da jirgi in ya faɗa ruwa. Don haka igiyar kashe inji, wadda ke kashe shi da zarar an fizge ta, ta kasance ɗaure a hannunka ko a rigar ceto, rigar kuma a jikinka, ba a ƙasan benci ba. Ka riƙe fulogi biyu na sauyi da sifanarsu, filafili, doguwar gora ta gwada zurfi, anka, abin kwarfe ruwa, da waya cikin leda mai hana jiƙa. Ruwan sha lita 4 a yini, domin na can gishiri-gishiri ne.

Shawararmu ita ce kada ka fara da dukan hanyar. Daga Badagry sai ka ratsa ta Apapa, inda manyan jiragen kaya ke kai da komo, kuma taguwar da suke tayarwa tana iya kife ƙaramin jirgi. Ka fara da ɓangaren Badagry, ka ɗauki ɗan gari ya raka ka ranar farko. Ka je ofishin NIWA, hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya, ko LASWA, ta jihar Legas, ka ji ƙa'idojinsu. An hana tafiyar dare, saboda haka ka sauka kafin magariba. Watannin Yuni da Yuli lokacin ruwan sama ne mai ƙarfi, a Disamba da Janairu kuwa hazo kan rufe gaɓa da safe.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Samaru, yayana ne ke son irin wannan tafiya. Ba ya jin Yarbanci. Yaya zai yi da mutanen garuruwan da zai sauka?

Amsa: Malama, ki gaya masa mutanen gaɓa su ne rabin tsaronsa. Duk inda ya isa, kada ya ɗaure jirgi sai ya nemi izini, don kowace mashiga tana da masu ita. Ya rage gudu tun daga nesa, saboda taguwarsa kan girgiza kwalekwalen mata masu ɗauke da kifi, kuma ya kewaye ragar masunta da turakun da suka kafa cikin ruwa. In ya yanke raga, ya tsaya ya nemi mai ita ya biya.

Bayan ya sauka, ya nemi a kai shi wurin Baale, wato mai gari, ya faɗi sunansa da inda ya fito da inda za shi. Goro da 'yar gaisuwa da harshensu suna buɗe ƙofa, Turancin buroka kuma zai wadatar da sauran. A Badagry zai haɗu da Egun, a wasu ƙauyukan ruwa kuma da Ilaje da Ijo. A manyan garuruwa ya tambayi Sarkin Hausawa ko ya nufi masallaci, musamman a Epe da Musulmi ke da yawa. Kada ya ɗauki hoton kowa ko wurin bautarsu sai an yarda.

Ya sayi kifi da mai a hannunsu, ya ba wani amintacce ladan gadin jirgi da dare. Kafin ya tashi ya karɓi lambar mutum ɗaya, ya roƙe shi ya kira wani a gari na gaba ya ce baƙo na tafe. Ke ma a gida ya riƙa gaya miki inda zai kwana da lokacin da yake sa ran isa, tare da lambar wanda ya sauke shi.