Ku Tambaya Mu Amsa: Me ya haɗa igiyar ruwa da tsawa da girgizar ƙasa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Yawuri. Igiyar da na sani ita ce ta kogi, mai kaɗa kwale-kwale. Amma malaminmu ya ce sauti da haske da girgizar ƙasa duk igiyoyi ne. Ta yaya? Kuma a ina ake samun kowacce?

Amsa: 'Yata, malaminku gaskiya ya faɗa. Ki samu kududdufi, ki jefa tsakuwa, ki zuba wa ganyen da ke bisa ruwan ido. Zobe zai yi ta faɗaɗa har gaɓa, amma ganyen hawa da sauka kawai zai yi, yana nan inda yake. Ashe ba ruwan ne ya tafi ba, motsi ne ya ratsa shi ya wuce. Haka gonar gero take idan iska ta kaɗa: ki ga kamar tana gudu, alhali ko kara ɗaya bai bar gurbinsa ba. Wannan ita ce igiya.

Ta sauti na fi so, don tun ina yaro ta ɗaure mini kai. Idan na hango mata suna daka daga nesa, sai in ga taɓarya ta faɗa turmi shiru, har an ɗaga ta sannan in ji dum. Sai da na girma na gane. Sauti matsawar iska ce, wannan ta tura waccan har zuwa kunne, kuma mita 343 yake ci a daƙiƙa. Haske kuwa kusan kilomita 300,000. Shi ya sa walƙiya ke riga tsawa. Ki ƙirga tsakaninsu da damina: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. Amma don Allah daga cikin ɗaki za ki ƙirga, ba a gindin bishiya ba.

Ƙasa ma tana ɗaukar igiya. Idan aka yi girgizar ƙasa, iri biyu ne ke ratsa cikinta: mai turawa, wadda ta fi sauri, da mai kaɗawa gefe da gefe, wadda ba ta iya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Da irin wannan bin sawu masana suka gano akwai narkakken ƙarfe can ƙarƙashinmu, ba tare da kowa ya haƙa ba. A 1936 wata mace 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano cewa a tsakiyar narkakken nan akwai wata cibiya dabam. Da gangan na kawo miki sunanta.

Igiyar kogi da ta teku yawanci iska ce ke tayar da su. Tsunami dabam ce. Ranar 26 ga Disamba 2004 ƙasan teku ya motsa kusa da tsibirin Sumatara a Indunusiya, ya ɗaga ruwan tun daga gindi. A tsakiyar teku igiyar tana gudu kamar jirgin sama, wajen kilomita 800 a awa, amma ba ta da tsayi. Sai da ta iso gaɓa ta miƙe. Mutum fiye da 200,000 suka rasu, har a Somaliya.

Haske da igiyar rediyo dangi ɗaya ne, kuma su ba sa bukatar ruwa ko iska. Hasken rana yana keta sararin da babu komai ya iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Igiyar rediyo ta gajeren zango kuwa tana hawa sama, wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki ya maido ta ƙasa. Da haka mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake zaune a zaure bayan isha'i yana murɗa akwatin rediyonsa, muryar Landan tana zuwa tana ɗaukewa.