Gidan 'yan Samoa da suke hana ki taɓa majinyacinsu

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kamfanin kula da masu naƙasa ya tura ki gidan wasu 'yan Samoa a Logan, kudu da Brisbane a Australiya, maigidan ya samu shanyewar ɓarin jiki, amma kullum kika je sai a ba ki kujera da shayi, matarsa da 'yarsa su yi komai. Kina son sanin ko ba sa buƙatar taimakon ne, ko kuwa hijabinki ne ba a so.

Suna buƙata, ƙwarai ma kuwa, kuma ban jin hijabi ne. Na daɗe a wannan aiki a yammacin Sydney, wajen Mount Druitt da Campbelltown inda suke da yawa, kuma haka akasarin gidajensu suke karɓar baƙuwa da fari. A wurinsu hidimar iyaye da marasa lafiya haƙƙin dangi ne, kuma ta hanyar hidima mutum yake samun girma a cikin zuri'a. In aka ji a coci cewa bare ce take yi wa uba wanka alhali 'ya'yansa na raye, abin kunya ne. Ke ma kin san yadda za a kalli gidan da ya ɗauko 'yar aiki ta yi jinyar tsohuwa a Kano, 'ya'yanta mata na zaune.

To amma ki lura da wadda nauyin yake kanta. A baki za a ce dangi duka ne ke yi. In kika zauna kika duba, mace ɗaya ce. A wani gida da na yi aiki, yarinya ce 'yar sakandare take tashi tun asuba ta juya mahaifinta, ta canza masa kunzugu, ta auna suga, sannan ta ruga makaranta. Uwar tana aikin dare a masana'anta, yayyenta maza suna wajen gini. Da hannu suke ɗaga shi daga gado zuwa keken guragu, mutum mai jiki sosai, na'urar ɗagawa kuwa tana lungu an shanya tawul a kanta. Ba wanda ya nuna musu yadda ake ɗaura majanyinta cikin natsuwa. Ta nan na samu shiga: ban ce zan karɓi aikin ba, cewa na yi bari in nuna muku wannan don bayan Mama ya huta. Daga na'ura muka koma duba gyambon kwanciya, daga nan motsa hannun da ya shanye. Wanka shi ne na ƙarshe, shi ma namiji aka turo, don ba sa sakin jiki da mace a kan tsiraicin namiji, balle 'yar'uwa da ɗan'uwanta, wanda akwai kunya mai tsanani a tsakaninsu.

Ladubban gidan ba za su ba ki wuya ba. Ki cire takalmi a ƙofa, kada ki yi wa babba magana kina tsaye yana zaune, in za ki gifta gaban mutane ki ɗan rusuna ki ce "tulou". Da yamma suna addu'ar gida, ki dakata har su gama. Abinci kuwa sai an ba ki. Ki faɗa musu tun ranar farko ba kya cin alade, za su kiyaye.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar takarda, don a nan ne wahalar take ɓuya. Da yawansu ba daga Samoa kai tsaye suka zo ba, ta Niyu Zilan suka biyo da fasfonta. Wanda ya shigo Australiya bayan 26 ga Fabrairu 2001 da bizar da ake ba 'yan Niyu Zilan, mai lamba 444, yana da damar zama da aiki, amma ba ya cikin masu cin gajiyar NDIS, shirin tallafa wa masu naƙasa da aka fara a 2013. Alhali yana biyan harajin Medicare, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, da aka ƙara daga kashi 1.5 zuwa kashi 2 a 2014 saboda shirin. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Shi ya sa za ki tarar gida ɗaya, uba yana da tallafi, jikan da aka haifa a Auckland ta Niyu Zilan wanda ba ya magana ba shi da ko sisi, kuma ba za a gaya miki ba sai kin gan shi da idonki. Daga 1 ga Yuli 2023 an buɗe musu hanya: wanda ya cika shekara 4 a ƙasar zai iya neman zama ɗan ƙasa kai tsaye. Har yanzu ina haɗuwa da iyalan da ba su nema ba, wasu saboda kuɗin cike takarda, don gudummawar biki da jana'iza da ta coci tana cinye albashinsu. Ke ba lauya ba ce, ki dai tura su ofishin ba da shawarar shari'a kyauta na unguwarsu. Wanda ya kai shekara 65 kuma ba NDIS zai nema ba, My Aged Care ne, shirin kula da tsofaffi.

Ko a ƙidayar jama'a, tun 2006 ake tambaya ko mutum yana buƙatar taimako wajen kula da jikinsa, motsi ko magana. Na taɓa zama kusa da wata uwa tana cike irin wannan tambaya a takardar sabunta tallafi, ta zaɓi "a'a" a kan wanka, don a ganinta abin da 'yarta take yi ba taimako ba ne, tarbiyya ce. Irin wannan amsar tana iya jawo a rage musu awoyi. Saboda haka in za a yi zaman duba tallafi, ki rubuta abin da kika gani dalla-dalla: wa ya ɗaga, sau nawa a dare, wa ya fasa makaranta. Kuma ki nemi a kira tafinta ta TIS National, hukumar fassara ta gwamnati, kyauta ne ga masu NDIS. Kada a bar yarinyar ta yi fassara, ba za ta iya faɗin gajiyarta a gaban mahaifinta ba.