Kuɗin samfur daban, kuɗin ɗinki daban

Ɗana, ka ce ɗan kasuwa ya zo daga Duwala da hoto a waya, yana son mu fitar masa da sabon samfurin jakar fata da zai riƙa sayarwa, ka rasa kuɗin da za ka yanka masa. To, zauna ka ji.

Kada ka yi masa kuɗin jaka ɗaya. Ta farko ita ke cin fata da lokaci. Za ka yanka fasalin jakar a kwali ka gwada, ka ɓata kirgi, ka farke ɗinki, ka koma majema a nan Marwa kana shinshina fata ɗaya bayan ɗaya, don wadda ba ta ji bagaruwa sosai ba wari za ta yi idan ta sha laimar Duwala. Wannan wahalar da sanin da ke kanka yake saye, kuma suna da kuɗinsu.

In ya san abin da yake so, tsawo da faɗi da launi, ku yi jinga. Ka karɓi rabi kafin alƙalami, ko a hannu ko ta Orange Money, kafin almakashi ya taɓa fata. A rubuta cewa gyara biyu ne a ciki, na uku da kuɗinsa. In kuwa mai "a ƙara nan, a rage can" ne, kuɗin yini ya fi maka, shi ya sayi fata da zare.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne maganar kaso. Zai ce maka ba sai ya biya yanzu ba, kowace jaka aka sayar kana da, a ce, sefa 500. Maganar akwai daɗin ji. Amma wa zai ƙirga maka jakunkunan? Da zarar kwalin ya bar hannunka, kowane baduku a Duwala ko Yawunde zai iya ɗinka irinta, kai kana nan ba ka da labari. Ni ba na yarda da kaso sai in a rumfarmu za a riƙa ɗinkin, ina ganin abin da ke fita da idona. Ko a hakan ma sai ya biya kuɗin samfur tukuna, sai dai a sassauta masa.

Sannan ku yi magana a kan mai kwalin tun ranar farko, gaban shaidu. In yana son samfurin ya zama nasa shi kaɗai, ba za mu ɗinka wa kowa ba, kuɗin ya ninka, domin ya rufe mana ƙofar ciniki. Manyan 'yan kasuwa har rajista suke yi a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha da ke Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, Kamaru da Cadi duk suna ciki.

In ka gama samfurin ya dawo, ka nuna masa jakar ya juya ta yadda yake so, ya duba ɗinkin. Kwalin kuwa ya zauna a akwati sai ya cika kuɗi.