Gareji a Shafi: Duk Corolla ɗaya ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Bakanikena ya ce faifan birki na gaba ya cinye, kalifar dama (ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai) kuma tana kamewa. Sababbi sun fi ƙarfina, sai na nemi na hannu. Mai shagon ya ce in ɗauka kawai, wai duk Corolla daga 2003 zuwa 2007 kayansu ɗaya ne. Haka ne?
Wani mai karatu daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba haka ba ne, kada ka ba da kuɗinka a kan wannan maganar.

Corollar waɗannan shekarun kala biyu ce ta cika hanyoyinmu, ta Amurka da ta Turai. Tsuguna ka ƙirga notin tayarka. Ta Amurka noti biyar gare ta, ta Turai huɗu. Faifai mai huda huɗu ba zai zauna a mota mai noti biyar ba, ko da mai shago ya rantse. Wannan ma kuskure ne mai sauƙi, tun a gareji za a gane. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne faifan da zai shiga lafiya lau amma faɗinsa ko kaurinsa ya bambanta da na asali. Sai takalmin birki ya riƙa cin gefe, ko kalifa ta riƙa gogar faifan, direba bai sani ba sai ranar da ya taka da ƙarfi a kan hanyar Funtuwa.

Saboda haka ka sa a kwance tsohon faifan da kalifar, ka zuba su a buhu, ka tafi da su kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna. Ka kwafi lambar shasi ma, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. A motar Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira. In taka ta 2005 ce da gaske, za ka ga 5. Sau da yawa shekarar da dillali ya faɗa wa mutum ba ita ce ta motar ba.

In an kawo faifan, ɗora shi a kan tsohon, huda ta dace da huda, baki ya dace da baki, tsayin wuyan ma ya zo daidai. Sannan ka goge tsatsar gefensa ko cikin wuyan, za ka ga an buga MIN TH da wata lamba. Wannan shi ne mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda a yi aiki da shi, a milimita. Bakanike ya auna da ma'aunin kauri, ba da ido ba. Faifan da ya kai wannan lambar ya gama aikinsa a wata motar, ƙarfen bola ne aka wanke maka da fetur. Ka sa farce a bakinsa: in ka ji tudu mai kaifi, ya ci sosai. In akwai tsaga ko shuɗin tabo na zafi, mayar wa mai shago da kayansa. Kuma biyu za ka saya, hagu da dama, don kada motar ta riƙa ja gefe ɗaya.

Kalifa tana da hagu da dama, mutane da yawa ba su lura ba. Riƙe ta yadda za ta zauna a mota, ka duba ƙaramin notin da ake fitar da iska, dole ya kasance a sama. In ya koma ƙasa, ta ɗaya ɓangaren ce, kuma yaron gareji zai yini yana taka feda iska ba ta fita ba. Robar da ta zagaye fistan, wato ƙarfen cikin kalifa mai tura takalmin birki, kada ta kasance a yage, fistan kuma ya koma ciki in an matsa shi. Amma kafin ka saya, bakaniken ya duba fil biyun da kalifar ke zamewa a kansu. Yawancin kamewar da nake gani daga nan take, ƙura ta bushe giris, wanki da sabon giris ne maganinta.

Takalmin birki da tiyon roba da man birki kuwa, ba na sayensu na hannu, kai ma ban ba ka shawara ba. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da faifai. Man da ya dace an rubuta shi a murfin tulun man birki. Man Corolla irin taka mai lamba DOT 3 ne, kuma kada a kusantar da DOT 5, ba ya haɗuwa da shi.

Ka yi magana da mai shago tun kafin ka biya cewa in bai dace ba za ka dawo da shi, ya yi wa kayan alama da fenti a gabanka. Bayan an ɗaura, a taka feda har ta yi tauri kafin motar ta motsa, a gwada ta a hankali a layin da babu yara.