Tambayoyinku: Makarantar Kwana ko Jeka-ka-dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 zai gama aji shida na firamare a bana. Akwai wata makarantar kuɗi da muke so, tana da ɓangaren kwana da na jeka-ka-dawo. Mahaifinsa ya fi son kwana, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata mu duba? — Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zo maganar kwana, a fara da takarda. Ku nemi ganin shaidar amincewar Ma'aikatar Ilimi ta jiha, sannan ku tambayi lambar cibiyar jarrabawar WAEC da ta NECO. Makarantar da ba ta da lambar kanta, a wata makaranta take kai ɗalibanta su zauna jarrabawa, kuma sunan waccan ne zai fito a sakamakon ɗanki. Ku tambayi ina ɗaliban JSS3 suke rubuta BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Idan aka fara kame-kame a kan waɗannan, ba sai kun zagaya ba.

Game da kwana, ra'ayinmu shi ne yaron da bai iya wanke kayansa ba, ko yake fitsarin kwance, ko yake jin nauyin faɗin abin da ke damunsa, a bar shi ya yi JSS1 yana kwana a gida. Amfanin makaranta mai ɓangare biyu ke nan: ya saba da malamai da abokai, a JSS2 ko SS1 ya koma kwana ba tare da sauya makaranta ba. Amma fa a lissafa hanya. In zuwa da dawowa za su ci fiye da awa biyu kullum, yaro zai dawo a gajiye, Islamiyya ta wuce shi, aikin gida kuma sai dai a yi shi cikin gyangyaɗi. A irin wannan hali kwanan ya fi.

Ku je ranar karatu, ba ranar da aka gayyaci iyaye ba, kuma ku daidaita zuwanku da lokacin cin abincin rana. Ku leƙa kicin, ku ga abin da ake zubawa a kwano, ku kwatanta da jadawalin abincin da ke manne a bango. Daga nan ku wuce banɗaki, domin a nan gaskiyar makarantar kwana take. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne aƙalla lita 20 na ruwa ga kowane ɗalibin kwana a rana, da banɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, maza 50 kuma banɗaki ɗaya da wurin fitsari ɗaya. Ku tambaya idan injin rijiyar burtsatse ya lalace, daga ina ake samun ruwa. A ɗakin kwana ku ƙirga gadaje da tagogi, ku ga ko akwai gidan sauro. Cunkoso a ɗaki marar iska shi ke yaɗa ƙazuwa da tari, da sanƙarau a lokacin zafi. Ku duba ko ƙofar fita biyu ce, da wanda yake riƙe makulli da dare. Ɗakin da tagoginsa duk ƙarfe ne kuma aka kulle shi ta waje, in gobara ta tashi babu mafita.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce: wane babba ne yake kwana a ginin da yaran suke? Inda aka bar wa manyan ɗalibai riƙon ɗakin kwana, a nan cin zali yake yin gida, a ƙwace wa ƙanana kayan abinci, a sa su wanki da ɗiban ruwa, wani lokaci abin da ya fi haka muni. Ya kamata 'yan JSS su kasance a ɗaki dabam da 'yan SS. A kuma samu ma'aikaciyar jinya da ke kwana a makarantar, da motar da za ta kai yaro asibiti cikin dare. Idan ɗanki na da sikila ko asma, ki rubuta a takarda, ki ga wanda zai riƙe magungunansa ido da ido.

A aji kuwa, ɗalibai kada su wuce 40. Ku ɗauki littafin wani ɗalibi ku ga yaushe rabon malami da ya duba shi da jan biro. Malamai su kasance masu NCE ko digiri, da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Ku tambayi malamin lissafi shekararsa nawa a wurin: makarantar da malamanta ke sauyawa kowane zango, yawanci albashi ne ba ta biya a kan kari.

Tambaya: Tun bayan sace-sacen ɗalibai nake tsoron makarantar kwana. Ta yaya zan gane mai tsaro? — Wani uba daga Gusau

Amsa: Malam, tsoronka na da tushe. A Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Kagara da Jangebe a 2021, duk a makarantun kwana aka kwashi yaran, kuma da dare. Saboda haka wurin da makaranta take ya fi tsayin katangarta muhimmanci. Ka zagaya bayanta da ƙafa. Idan daji ne ko gonaki ba gidaje, ga ofishin 'yan sanda da nisa, ga layin waya ba ya shiga sosai, ka haƙura komai kyan gininta. Ka tambayi masu gadi nawa ne da dare, ko akwai fitila a zagayen katanga in an ɗauke wuta, da yadda ake tantance mai zuwa ɗaukar yaro. Ka kuma yi la'akari da hanyar da za ka riƙa bi ranar ziyara da ranar hutu.

Tambaya: 'Yata tana SS2. Na ji labarin wata makaranta da duk ɗalibanta ke cin WAEC, ina so in mayar da ita can. — Wata uwa daga Jos

Amsa: Hajiya, ki yi hattara da irin wannan shela. Ki nemi sakamakon shekara uku a jere, ki ga nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan ki kwatanta da makin da suka ci a JAMB, wadda ake yi a kwamfuta. Ɗalibi mai A da B jere a WAEC amma ya kasa kai 180 a JAMB, hakan na iya zama alamar satar amsa. Wata alamar ita ce ajin SS3 ya ninka SS2 yawa. In aka kama cibiya da maguɗi, ana iya riƙe sakamakon yara ko a soke shi, har da na wanda bai ji ba bai gani ba. Idan kuma dole ne ki sauya, ki karɓo cikakken makin gwajinta tun daga SS1, domin ana buƙatarsa wajen rajistar WAEC, ki tabbata sunanta da ranar haihuwarta sun yi daidai da na NIN.

Tambaya: Ta yaya zan san ainihin abin da zan kashe? — Wani ɗan kasuwa daga Kano

Amsa: Alhaji, kuɗin zango da ake faɗa a ofis ba shi ne duka ba. Ka nemi a rubuta maka na shekara guda: rajista, kuɗin gini, yunifom da kayan wasanni, littattafai, PTA, mota ko abinci, darasin yamma, da kuɗin jarrabawar JSS3 da SS3. Ka tambayi sau nawa aka ƙara kuɗi cikin shekara uku da suka wuce, da abin da ake yi wa yaron da iyayensa suka makara da biya. Shekara shida ce, zango 18, ga ƙannensa na tafe. Idan sai ka ci bashi za ka biya zangon farko, ka nemi wadda ke ƙasa da ita.