Tambaya da Amsa: Wa ya jera duwatsun Filato?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Gwagwalada, ina so in je Jos a hutun nan in ga duwatsu. Kakata ta ce aljanu ne suka ɗora duwatsun Riyom kan juna, abokina kuma ya ce duk tatsuniya ce. Wanne zan ɗauka? Kuma mutum zai iya shiga ruga haka kawai ya ga rayuwarsu?

Amsa: Ɗan'uwa, duwatsun Riyom dai ruwa da iska da zafin rana ne suka yi ta cin su shekaru aru-aru har suka tsaya a haka. Amma kar ka raina maganar Kaka. Irin labaran nan su ke nuna maka wane dutse mutane suke girmamawa, wane kogo suka fake a ciki lokacin hare-haren kama bayi, kuma sau da yawa nan ɗin ne ake samun kufai da fasassun tukwane.

In kana son abin da zai ɗaure maka kai da gaske, fara da gidan tarihi na Jos da Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, ya kafa a 1952, ka ga kayan mutanen Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, sannan a 1943 aka kai wa Fagg wani kai na yumɓu daga yankin Jama'a wanda wai har an kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, ka ji fa! Mutanen da suka yi mutum-mutumin nan gero suke nomawa, kuma a Taruga can wajen Abuja an samu wuraren da suke narka ƙarfe sama da shekara 2,000 da suka wuce. Wallahi abin yana min ciwo yadda ɓarayi suka kwashe kayan nan zuwa Turai, mu kuma ko leƙawa ba ma yi.

In da ƙarfi a gwiwarka ka hau dutsen Shere, tsayinsa ya haura mita 1,800, ka tafi da rigar sanyi.

Batun ruga kuwa, a'a, ba a faɗa mata kai tsaye. Nemi wanda ya san Arɗo ya kai ka, ka yi sallama daga nesa, kar ka ɗauki hoton mata ko shanu sai an yarda, kuma don Allah kar ka tambayi makiyayi shanunsa nawa, ba a yi. Fulani sun so tudun nan ne saboda ciyawa da sanyi da ƙarancin ƙudan tsando mai jawo sammore. Zauna da dattawa a dama maka fura da kindirmo, za su faɗa maka sunan kowane rafi da burtali. Haka ma ƙauyukan Birom, fara gaida mai unguwa.

Wasu yankunan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos suna fama da rikici, saboda haka ka tambayi 'yan gari halin hanya kafin ka fita, ka kuma dawo kafin magariba.